Baƙaƙe Masu Ƙaho

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota kika buɗe ta, ko sai da kika sauka Yamai kika huta. Allah ya tsare miki hanya, ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Uwata zan ci gaba da ce miki ko a rubuce, tunda sunan mahaifiyata kika ci, kuma abin da bakina ba ya faɗa hannuna ma ba zai rubuta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, daga cikinsa kika fito. Maganar kile ce, ɗan ƙarfen USB ɗin nan da ake kwafar aiki a ciki. Yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a ƙyalle don kada ya sulluɓe. Tun ranar da kika gaya mini aikinki na farko a kamfanin Sani, tsohon abokin karatuna, shi ne sabunta porogaram ɗin da na rubuta wa ƙungiyar makiyaya, wanda yake tura musu saƙonni ta salula, kike roƙona in zuba miki kod ɗin, wato ainihin rubutun porogaram ɗin, a kile. Na san idan babu shi sai kin faro komai daga ƙasa, kuma tsofaffin saƙonnin da muka ajiye ba za su karantu gare ki ba. Duk da haka na yi ta ja miki rai. Yau in ce wutar kuran ta ɗauke, gobe in ce ordinatar, kwamfutar tawa, ta yi zafi. Ke kuma kullum sai ki sunkuyar da kai ki ce, "To, Baba."

Innarki ce ta gaji da abin. Tana tankaɗen gari a tsakar gida ta ce, "Malam, ba yarinyar ga abinta ta tahi. Mi kaka ɓoyo ciki, zinari?"

Na ce mata ba ta san aikin ba.

Ta ce, "Aikin na ban sani ba, amma kai na san ka. Kishin Sani na, ba komi ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na tashi na bar mata wurin. Ina kishin Sani, Uwata. Na rubuta shi a fili don kada ki wahala kina nemansa a tsakanin layuka. Duk lokacin da na tuna zai zauna a buro ɗinsa, ofishin nan mai sanyi, ya gyara tabarau, ya buɗe abin da na shafe shekaru ina liƙe-liƙe a kansa, sai kishin ya sake tasowa.

Sani ba mutumin banza ba ne. Da ma ya zama, da na huta. Benci ɗaya muka zauna da shi a lise, makarantar sakandare, a Maraɗi, kuma ki tambaye shi wa yake nuna wa wani lissafi, in har yana da gaskiyar faɗa. Shi ya samu tafiya karatu waje. Ni kuma kakanki ya kwanta ciwo, gona da bisashe babu mai dubawa, na tattara na dawo Dakoro. Abin da na sani na C, harshen da na rubuta porogaram ɗin da shi, daga wani tsohon littafin Faransanci mai cirarren bango na koye shi, a kan ordinatar buro ɗin ƙungiya, idan an tashi aiki kowa ya kama gabansa. Motarsa ba ta taɓa damuna ba, haka gidansa na bene. Abin ya fara cina ne tun da kika yi sitaj, wato koyon aiki, a wurinsa kika dawo. Daga ranar ba a zuba miya a gidan nan sai da sunansa. Mushe Sani ya ce kaza, Mushe Sani ba ya yin haka, Mushe Sani ya nuna mana wata hanya. Ni da na ɗora yatsunki a kan kilabiye, maɓallan ordinatar, kina tsaye a kan kujera don ki kai tebur, na koma mai sauraro ina gyaɗa kai.

To, tunda kilen zai isa gabansa, gara ke ki fara sanin abin da ke ciki daga bakina. Kurakuran da ke ciki ba asiri ba ne, rabin Dakoro sun yi mini dariya a kansu. Ina so dai idan Sani ya nuna miki wani layi yana murmushi, ki riga ki san labarin layin.

Kin fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, amma ki bar ni in faɗe shi yadda na fahimce shi. A cikin porogaram kowane baƙi na ba shi wuri mai faɗi iri ɗaya, wanda ake kira wchar_t. Da okte ake auna wurin: okte huɗu ga baƙin a, okte huɗu ga ƙ, babu babba babu ƙarami. Aiki da su a haka yana da daɗi, don in kana son tsawon kalma sai kawai ka ƙirga. Amma ba a tura su waje a haka. Kafin saƙo ya hau hanya sai an juya shi zuwa UTF-8, inda kowane baƙi yake cin wuri daidai jikinsa. Irin su a da b da k okte ɗaya ya ishe su. Namu huɗun nan kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, bibbiyu suke ci. Masu ƙaho nake ce musu, don duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwarmu ana loda shanu a babbar mota ya san jan sa na Bororo ba ya shiga wurin da ya ishi ɗan Azawak mai gajeren ƙaho, ko da nauyinsu ɗaya. Duk wahalar da na sha a aikin nan a wurin lodin nan na sha ta.

Kuskure na farko ya same ni ranar da muka buɗe aikin. Na gwada porogaram har na gaji, amma da me na gwada? Da "Sannu da aiki" da "Barka da rana". Babu mai ƙaho ko ɗaya a cikinsu, ni kuwa ban lura ba. Malamin elbaj, wato malamin dabbobi, ya kawo saƙon gaskiya na farko, wanda ke cewa ranar kasuwa a kawo ƙananan bisashe rigakafi. Na danna, ya tafi, na miƙe ƙafa ina jin kaina. Ashe ban kira setlocale ba a farkon porogaram, wato ban gaya wa na'ura da wane irin rubutu za ta yi aiki ba. Idan ba ka gaya mata ba, baƙaƙen Turawa tsirara kawai ta sani. Aikin juyin, wcstombs, ya yi ta tafiya lafiya har ya iso kan ƙ, ya tsaya cak, ya maido mini da alamar cewa ya kasa. Ni kuma ban rubuta layin da zai duba abin da ya maido ba. Abin da ya isa salular mutane shi ne, "Ranar kasuwa ku kawo".

Ranar kasuwa buro ya cika. Wani ya zo da raƙumi, wani da katin ƙungiya, wata tsohuwa da ƙwaryar nono don ta ɗauka liyafa ce. Agali, wani dattijon Buzu daga wajen Tagriss, ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara rawani ya ce, "Kun ce mu kawo, ba ku ce mi ba. To ga ni, ni na kawo kaina." Har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni ko akwai abin da za a kawo.

Shawarata a nan biyu ce. Ki gaya wa na'ura inda take kafin ki ba ta aiki, kada ki ɗauka ta sani don ke kin sani. Kuma duk aikin da kika kira, ki duba abin da ya maido miki. Da yawansu ba sa ihu idan sun kasa, a hankali suke faɗa, sau ɗaya, su wuce. Na san Sani ya riga ya gaya miki wannan, wataƙila ma da Faransanci mai daɗi a kan allo. Amma shi a littafi ya gani, ni kuwa a kan raƙumi a ƙofar buro.

Na biyu ya fi na farko wayo, don ya daɗe yana ɓoye. Bayan na gyara maganar setlocale, sai na riƙa tanadar wa saƙo wuri daidai da yawan baƙaƙensa. Baƙi hamsin, okte hamsin. Na manta masu ƙaho bibbiyu suke ci. Don haka duk mai ƙaho ɗaya da ya shiga saƙo, sai baƙi ɗaya ya faɗo daga wutsiya. Yawanci ba a lura, don wutsiyar saƙonninmu "mun gode" ce ko "Allah ya taimaka", kuma ba wanda zai zo ƙara don an gutsure masa godiya. Sai ranar da aka tura sanarwar taro a Adjekoria. Saƙon yana da masu ƙaho huɗu, kuma ya ƙare da "ranar Laraba". Abin da ya sauka shi ne "ranar La". Rabin mutane suka zo Lahadi suka tarar da rumfa babu kowa, rabi suka zo Laraba suka tarar ƴan Lahadi sun yi fushi sun ƙi dawowa. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce, "Malam Ila, ranakku bakwai Allah ya yi. Kai ka ƙaro ta takwas."

Kada ki taɓa ƙiyasta wurin da saƙo zai ci. Ki tambaya. Ki kira wcstombs ba tare da kin ba shi mazubi ba, zai gaya miki okte nawa ake bukata. Ki tanadi wannan, ki ƙara ɗaya saboda sifilin da ke rufe ƙarshe, sannan ki sake kiransa ya zuba. Aiki biyu ne a maimakon ɗaya, kuma zuciya za ta ce miki ɓata lokaci ne. A cikin kilen za ki ga inda na gyara wannan, za ki kuma ga inda na ninka wurin sau huɗu don tsoro, har da wuraren da ba sa bukata. Idan Sani ya ce ɓarnar wuri ce, gaskiyarsa. Ki gaya masa dai mutumin da ya rubuta ya taɓa tara jama'a ranar La.

Akwai ƙanen wannan kuskure, shi ma yana ciki. Idan saƙo ya yi tsawo sai in yanka shi gida biyu, kuma a kan okte nake yankawa. Wani lokaci wuƙar takan faɗa tsakiyar mai ƙaho, rabinsa ya tafi a saƙon farko, rabi a na biyu. Rabin ƙ ba baƙi ba ne. Wasu salula sukan nuna ɗan akwati, wasu su ƙi buɗe saƙon gaba ɗaya. Ki yanka tun baƙaƙen suna da faɗi, inda kowanne yake shi kaɗai a wurinsa, sannan ki juya kowane yanki.

Na uku ne ba na son tunawa, don Sani yana cikinsa, kuma shi ne mai gaskiya. Lokacin salular mutanenmu da yawa tsofaffi ne, ba sa nuna masu ƙaho sai akwatuna. Na gaji da ƙorafi, sai na yanke shawarar in karye ƙahonin kafin juyi: ɗ ya koma d, ƙ ya koma k, kowa ya huta. Ana cikin haka Sani ya biyo ta Dakoro za shi arewa, ya tsaya muka ci abinci, na nuna masa. Ya duba ya ce, "Ila, kar ka yi haka. Hausa ba ta yahe wannan. Bar ma masu sabbin salula baƙaƙensu, masu tsohi ka canza kalmar." Da wani ne ya faɗa da na tsaya na yi tunani. Da yake shi ne, na ce masa Bahaushe ba ya ɓata a harshensa, ko babu ƙaho zai gane daga zancen.

Sau da yawa kuwa ana ganewa. Sai shekarar da ciwon huhu ya shigo wa shanu ta wajen garin Mai Yara. Malamin elbaj ya ce a tura wa masu garke cewa waɗanda shanunsu suka kamu su ɗaure, wato kada su sake su su gauraya da na wasu a bakin rijiya. Porogaram ɗina ya karye ƙaho ya tura, "Masu shanun da suka kamu, ku daure." Mutane suka ɗauka ƙungiya jaje take musu. Suka yi haƙuri kamar yadda aka ce, suka ci gaba da kai shanu rijiya ɗaya da na kowa. Sai da malamin ya hau babur ya bi ruga ruga da bakinsa. Allah ya taƙaita, amma akwai garken da abin ya shiga wanda da bai shiga ba. Sani ya ji labari, kamar yadda yake jin komai. Bai kira ni ya ce ai na gaya maka ba. Da ya kira da na samu abin riƙewa. Shirun da ya yi har yau yana ba ni haushi.

Idan baƙi ya ƙi juyuwa, ki tsaya ki faɗa. Kada ki musanya shi da mai kama da shi, kada ki sa alamar tambaya a wurinsa ki wuce. Kuma idan shawara ta zo daga bakin wanda kike jin zafinsa, ki rubuta ta a takarda ki ajiye, ki karanta ta washegari kamar a hanya kika tsince ta. Ni ban iya ba, har yanzu ban iya ba, amma ke jininki ya fi nawa sanyi.

Ga wasu ƙanana da za su rage miki wahala. Tsofaffin saƙonnin da na ajiye, da faɗinsu na zuba su a fishiye, wato fayil, ban juya su ba. A ordinatar tawa faɗin okte huɗu ne. A irin waɗanda Sani yake so biyu ne. Idan kika buɗe su a can kika ga shirme, ba lalacewa suka yi ba. Ki karanta su huɗu huɗu, ki juya su sau ɗaya, kada ki sake ajiye komai a haka. Faɗin na cikin porogaram ne kawai, duk abin da zai fita ko zai kwana a ajiye a juya shi. Sannan ki gwada da ƴ, babba da ƙarami. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka da ɗan waƙafi a sama suke rubuta shi, don haka duk jerin gwajin da aka ɗauko daga can masu ƙaho uku kawai ya sani. Ba na zaton Sani zai tuna da wannan, shekarunsa nawa rabonsa da rubuta Hausa.

Na ji kuma za ku sa Tifinagh, don mutanen Agali su samu saƙo da rubutunsu. Kowane baƙi nasu okte uku ne, ki sa a ranki. Agali ya roƙe ni wannan tun tuni, na ce masa sai na samu sarari, sararin bai zo ba. Yanzu a wayi gari saƙo ya sauka a salularsa da baƙaƙen kakanninsa, ya tambaya wa ya yi, a ce masa kamfanin Sani. Na yi murna saboda Agali. Saboda kaina kuwa ban yi ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na yi ba.

Saura guda ɗaya, kuma shi ba labarin da ba ne, yana nan da ransa. Ranar da saƙonni suka yi yawa suna fita a tare, kamar ranar kasuwa, wani lokaci kan wani saƙo yakan fito da wutsiyar wani. Mutum ya samu rabin maganar rigakafi da rabin maganar rijiya. Ba kullum ba, kuma duk lokacin da na zauna in kama shi sai ya ƙi faruwa. Na bi kod ɗin layi layi har idona ya yi ja. Ban gano shi ba. Abin da nake yi shi ne in rage gudun turawa ranar kasuwa, in yi addu'a.

Hutun da ya wuce, wata rana bayan la'asar, ina zaune a zaure da ordinatar ina neman wannan abu, kika shigo kika tsaya a bayana. Na ji numfashinki a kafaɗata. Ina gangarawa da kod a hankali, muka iso wurin da nake juya saƙo in zuba a mazubi, sai na ji kin ɗauke numfashi. Hannunki ya ɗan taso kamar za ki nuna wani abu a ekaran, fuskar ordinatar, sai kika mayar da shi cikin mayafi. Na juyo na dube ki. Kika ce, "Baba, in kawo maka shayi?"

Na ce ki kawo. Na sha shayin, na ci gaba da kallon wurin har aka kira magariba, ban ga abin da kika gani ba.

Bayan kwana kaɗan ina dawowa daga masallaci na same ki a gindin dogon yaro kina waya. Ba laɓe na yi ba, muryarki ce ta tare ni tun daga ƙofar gida, don ban san kina da irin wannan murya ba. Kina cewa, "A'a, Mushe, ba haka na ba. Kai ka yi kure. Sake duba layin da ke ƙasa." Kika saurara, sai kika fashe da dariya kika ce, "Ka gani ko? Ai na hwaɗa maka." Ina jin shi ma yana dariya ta cikin salula. Da kika hango ni sai kika rage murya, kika gyara mayafi, kika durƙusa kika ce mini sannu da dawowa.

Ranar na gane abin da nake kishi. Na ɗauka iliminsa ne, ko yadda kike yabonsa. Ashe ba su ba ne. Sani yana da ƴar da take ce masa ya yi kure, ni kuwa da na haife ta shayi nake samu. Ya san yadda fuskarki take idan kin tabbata kina da gaskiya. Ya san yadda kike kafewa, da yadda kike dariya idan kin ci gardama. Ni ban sani ba. Tun kina ƙarama ban taɓa jin kin ce mini a'a ba, kuma da ina alfahari da haka a gaban mutane, ina cewa ɗiyata ba ta ɗaga mini ido.

Ba laifinki ba ne. Haka muka tarbiyyantar da ke, haka aka tarbiyyantar da mu, ga ki kuma ƴar fari, ga sunan da kika ci. Ni ma ban taɓa ce wa kakanki ya yi kure ba, ko ranar da na ga ya sayi saniya mai ciwo da idona. Haka muka koro ta gida. Ban ce ki zubar da kunya ba, ki riƙe ta, za ta yi miki amfani a Yamai fiye da nan. A gaban mutane ki durƙusa mini yadda kika saba. Amma a kan wannan aiki, wanda ni na fara sa miki shi a hannu, ladabin nan ya zame mini katanga. Kina can ciki da Sani kuna gardama, ni ina waje ana gaishe ni.

Na yi tunanin in share kod ɗin kafin in ba ki, in goge wuraren kunya, in sake sunaye, in cire maganganun da na rubuta wa kaina a gefe ranakun da raina ya ɓaci. Na fara ma, sai na bari. Ga shi nan yadda yake. Ki nuna wa Sani duk abin da aiki ya ce a nuna masa. Ya yi murmushinsa, ya cancanta. Ki bi shi, ki koya daga gare shi, ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma wannan layin ya fi duk sauran wuyar rubutawa. Ki gaishe shi, gaisuwa ɗaya, kada ki ƙara masa daga aljihunki.

Amma wancan kuskuren na ranar kasuwa nawa ne, kuma ina roƙon ki bar mini shi. Na san kin gan shi. Kada ki gyara shi shiru a sabon porogaram, in wayi gari in ga ya daina, in yi ta zaton addu'ata ce ta ci. Kada kuma ki kai wa Sani ku tattauna shi a kan allo. Idan kin sauka kin huta, ki nemi inda rezo, sabis ɗin waya, yake da kyau ki kira ni. Bayan gaisuwa kada ki tambaye ni gona, kada ki tambaye ni ciwon gwiwa. Ki ce, "Baba, ka yi kure," da muryar nan ta gindin dogon yaro, ki gaya mini layin.

Na san halina. Zan ce ba haka ba ne. Zan ce tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Wataƙila in ce rezo ya lalace in kashe salula, innarki tana gefe tana dariya. Ki sake kira.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare mutuncinki da addininki, ya sa albarka a hannunki da abin da zai rubuta. Ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya raba ki da ciwo a ƙasar da babu innarki kusa. Ya ba ki bakin faɗa mini, ni kuma ya ba ni kunnen ji. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Wassalamu alaikum.

Babanki,
Ila